Tazarar da ke Tsakanin Mai Sankara da Maganinta



Daga shekarar 2014 zuwa 2017, a wasu asibitoci takwas na ƙasashen Afirka biyar, an yi wani aiki da bai buƙaci babbar na'ura ba. Idan aka tabbatar mace tana da sankarar mama, ma'aikaciyar jinya kan zauna da ita ta nemi amincewarta, sannan ta rubuta lambar wayarta da ta wani makusancinta. Bayan wata uku sai wayar ta yi ƙara. Yaya jiki? An fara karɓar magani? An koma asibiti? Bayan wani wata ukun a sake kira. In an rasa ta a waya sai a nemi makusancin nan, kuma sau tari daga bakinsa ake jin cewa rai ya yi halinsa.

Mata sama da 2,000 aka bi a haka, a Najeriya da Yuganda da Zambiya da Namibiya da Afirka ta Kudu. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ita ta jagoranci aikin tare da likitocin ƙasashen, aka wallafa sakamakon a 2020. Bayan shekara uku da gano cutar, rabin matan ne kawai ke raye. Amma wannan rabin ya ɓoye wani abu. A Namibiya, kashi 90 cikin 100 na mata fararen fata suna raye, baƙaƙen fata kuwa kashi 56. Ƙasa ɗaya ce, cuta ɗaya ce. A Yuganda da Zambiya adadin ya tsaya tsakanin kashi 44 da 47. Najeriya ce ta zo ƙarshe da kashi 36, kuma a asibitocinta da aka yi nazarin, waɗanda ke Aba da Owerri, fiye da mace ɗaya cikin uku ba ta fara karɓar kowane irin magani ba har shekara ta zagayo.

Masu binciken sun ƙara da wani lissafi mai sa jiki ya yi sanyi: duk mace 100 da cutar ta kashe kafin su kai shekara 50, sun bar yara kusan 210 babu uwa. Sun kuma kiyasta cewa da za a riƙa gano cutar da wuri, a kuma kammala maganin da ake da shi a yau, da an tsira da kusan ɗaya cikin uku na rayukan nan. Wato ba sabon magani matan suka rasa ba. Hanyar isa ga wanda ke akwai ce ta yanke musu.

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a Arewa ya san fasalin wannan hanya. Mace ta ji ƙullutu a mamanta, ba zafi, sai ta yi shiru saboda kunya. Ya fara damunta, a je kemis, a ce maruru ne, a ba ta ƙwayoyi. Daga nan sai wajen mai maganin gargajiya, inda za a ja mata kunne cewa daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, kada ta yarda a taɓa ta da allura ko wuƙar tiyata. Lokacin da za ta isa asibitin ƙaramar hukuma watanni sun shuɗe. Su kuma su tura ta asibitin koyarwa, a yanki tsoka a kai ɗakin gwaji, a ce a dawo bayan makonni. Ga kuɗin mota, ga kwana a barandar asibiti, ga yara da aka bari a gida. An sayar da akuya an yi zagayen farko na maganin sankara na kemo, an jinginar da gona an yi na biyu, na uku sai aka daina ganinta. A fayil ɗinta ba za a rubuta komai ba, domin babu wanda aikinsa ne ya tambayi inda ta shiga.

Wannan tambaya ta inda mara lafiya ya shiga ita ce ta hana wani likitan tiyata barci a ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi kan lafiya. Dakta Harold Freeman ya shafe shekaru yana aiki a asibitin Harlem, unguwar talakawa baƙaƙen fata a birnin New York na Amurka. Shi da abokin aikinsa Colin McCord ne suka girgiza Amurka a 1990, da suka nuna cewa namiji baƙar fata a Harlem bai kai namijin Bangaladash damar kai wa shekara 65 ba. Da Freeman ya bi bayanan mata 606 da suka zo asibitinsa da sankarar mama tsakanin 1964 da 1986, sai ya tarar kusan rabinsu sun zo ne bayan cutar ta yi nisa, kuma kashi 39 ne kawai suka kai shekara biyar a raye. Ga manyan asibitocin duniya 'yan tashoshin jirgin ƙasa kaɗan daga gidajensu, amma tamkar a wata nahiya suke.

Abin da ya yi a 1990 shi ne ya ƙirƙiro wani sabon ma'aikaci, jagoran majinyaci. Ba likita ba ne, galibi ɗan unguwa ne da ya san mutane ya san harshensu. Aikinsa ya yi kama da na jagoran alhazai: shi ya san ofishin da za a shiga, takardar da za a cike, ranar da za a koma. In mace ba ta da inshora ya nemo mata tallafi, in ba ta da mai riƙe mata yara ya nemi mafita, in bayanin likita ya ruɗa ta ya warware mata, in ta tsallake ranar asibiti ya bi sawunta. Aka haɗa wannan da gwajin mama kyauta ko a farashi mai rahusa. Da aka sake duba mata 325 da suka zo tsakanin 1995 da 2000, masu zuwa a makare sun ragu zuwa kashi 21, masu kai shekara biyar a raye kuma suka kai kashi 70.

Adalci shi ne a faɗa cewa ba jagoran kaɗai ya kawo wannan sauyi ba, gwajin kyauta da ingantuwar magunguna a shekarun nan duk sun taka rawa. Duk da haka hujjar ta isa ta sa majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 2005 domin tallafa wa irin wannan aiki. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ƙaddamar da shirinta na sankarar mama a 2021, ma'aunai uku ta kafa, kuma babu wanda ya shafi sabon magani: a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar tun tana matakin farko ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, sannan kashi 80 na waɗanda suka fara magani su kai ƙarshensa.

To, waɗanda cutar ta riga ta fi ƙarfin magani fa? A nan ne aka fi yin sakaci, kuma a nan ne bincike ya ba likitoci mamaki. A 2010 Dakta Jennifer Temel da abokan aikinta a babban asibitin Massachusetts da ke Boston suka wallafa sakamakon wani gwaji kan mutum 151 masu sankarar huhu da ta bazu a jiki. An raba su gida biyu. Kowa ya samu maganin sankara yadda aka saba, sai dai rukuni ɗaya an haɗa su tun daga farko da ƙwararru kan sassauta wahalar ciwo, masu tambayar zafi da numfashi da barci da damuwa, masu zama da iyali a tattauna abin da mara lafiya ke so. Alamun ciwon damuwa sun bayyana ga kashi 16 na wannan rukuni, ɗaya rukunin kuwa kashi 38. Waɗanda aka haɗa da ƙwararrun sun kuma fi ƙin magunguna masu galabaitarwa a kwanakin ƙarshe. Abin da ba a zata ba shi ne sun fi daɗewa: matsakaicin rayuwarsu wata 11.6, na sauran wata 8.9. Binciken da ya biyo baya ya fi tabbatar da sauƙin rayuwa fiye da tsawonta, amma ya wadatar wajen rusa tunanin cewa kula da raɗaɗi aikin ranar da aka yanke ƙauna ne.

Tun kafin likitocin Boston su auna wannan, wata likita ta riga ta fara shi a Kampala da abin da ke hannunta. Dakta Anne Merriman, haifaffiyar Liverpool wadda ta yi shekaru tana aikin asibiti a kudu maso gabashin Najeriya tun tana matashiya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993. Sharaɗin da ta gindaya kafin ta fara shi ne gwamnati ta yarda a shigo da garin mofin, maganin kashe matsanancin zafi, kuma ministan lafiya na lokacin ya amince. A ɗakin girki aka fara haɗawa: a auna garin, a dama da ruwa, a zuba abin hana lalacewa, a ɗiga launin abinci domin a bambanta mai ƙarfi da mai sauƙi, a ɗura a gorunan ruwa da aka wanke. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauka ta kai har gida, ta nuna wa mai jinya yadda zai auna a sirinji marar allura ya ɗiga a baki bayan kowace awa huɗu. Mutumin da ya yi makonni yana ihu cikin dare sai ga shi ya yi barci, ya ci abinci, ya yi wasiyya da hankalinsa.

A 2004 Yuganda ta ɗauki matakin da ya fi wannan muhimmanci: ta gyara doka, ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman ikon rubuta mofin, domin a ƙauye jiran likita daidai yake da hana magani. Gwamnati ke biya, mara lafiya yana karɓa kyauta.

A kwatanta da abin da wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017. Rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da danginsa da ake rarrabawa a duniya, kuma abin da ke shiga Najeriya bai kai ya biya kashi 1 na buƙatar masu fama da matsanancin ciwo ba. Akwai dalilin fargaba, ba a musu. Arewa ta ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasa, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Amma sakamakon ya zama abin takaici: mai shaye-shaye yana samun abin da yake nema a bayan tasha, tsohuwar da sankara ta ci ƙashinta kuwa ana ba ta farasitamol. Yuganda ta nuna cewa ana iya tsare magani da rajista da horo ba tare da an kulle shi daga masu buƙata ba.

Wata tambayar da talauci ya tilasta wa masu bincike ita ce: shin adadin maganin da kamfani ya rubuta a jikin kwali shi ne adadin da jiki ke buƙata? A asibitin Tata Memorial da ke Mumbai a Indiya, inda sankarar baki da maƙogwaro ta yi katutu saboda tauna taba, likitoci sun daɗe suna kallon wani magani mai suna nivolumab, mai zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar, wanda 'yan tsiraru ne kawai cikin majinyatansu ke iya saye. Adadin da aka saba bayarwa miligiram 240 ne duk mako biyu. Dakta Vijay Patil da Dakta Kumar Prabhash da abokan aikinsu suka gwada miligiram 20 kacal duk mako uku, a kan wasu magungunan sha masu araha. Bayan shekara guda, kashi 43 na waɗanda aka ƙara wa ɗan wannan adadi suna raye, waɗanda suka tsaya kan magungunan sha kaɗai kuwa kashi 16. Gwajin bai kwatanta ƙaramin adadin da cikakkensa kai tsaye ba, don haka ba a ce sun yi daidai ba. Amma ga wanda zaɓinsa shi ne kaɗan ko babu, amsar ta fito. Irin wannan tambaya ba kamfanin da ke sayar da magani ne zai ɗauki nauyinta ba, sai asibitin gwamnati da ke ganin layin talakawa kullum.

Irin tambayar ce ta iso har makarantun firamare na Kano da Jigawa da Bauchi. Sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa kusan dukkanta, kuma a Najeriya a 2020 ta kama mata kusan 12,000, ta kashe kusan 8,000. Riga-kafinta ya fito tun 2006, amma allura uku ake yi da farko, daga baya aka mayar biyu, kuma kowa ya san wuyar sake samun yarinya bayan wata shida, ballantana tsadar. Alamar farko ta zo ne ba da shiri ba. A 2010 gwamnatin Indiya ta dakatar da allurar a gwaje-gwajen da ake yi a ƙasar, sai dubban 'yan mata suka tsaya a allura ɗaya. Masu binciken ba su watsar da su ba, suka ci gaba da bibiyarsu shekara da shekaru, suka ga kariyarsu ba ta gaza ta masu biyu ko uku ba. Daga nan aka shirya gwaji na musamman a Kenya, a Thika da Nairobi da Kisumu, ƙarƙashin Dakta Ruanne Barnabas da Dakta Nelly Mugo, da 'yan mata 2,275 masu shekara 15 zuwa 20. Wasu aka yi musu allurar HPV guda ɗaya, wasu aka yi musu ta sanƙarau domin kwatance, daga baya su ma aka ba su ta HPV. Allura ɗaya ta ba da kariyar kashi 97.5 daga nau'o'in ƙwayar biyu da suka fi haddasa sankara. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allura ɗaya, a watan Oktoban 2023 kuma Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, da burin kai wa miliyan 7.7 a zagayen farko.

Iyayen da suka yi tambayoyi kafin su miƙa 'ya'yansu ba jahilci ya sa su ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Ƙauracewa allurar shan inna a 2003 ta samu taki daga wannan tabo. Duk mai son yin bincike a kan marasa galihu, bashin da ke kansa ke nan: bayani cikin harshen mutane, izini na gaskiya, da dawowa ya faɗa musu abin da aka gano.

Sai dai allurar nan ta 'ya'ya ce. Yarinyar da aka yi wa a 2023 tana 'yar shekara 10, amfanin zai bayyana ne bayan shekara ashirin ko talatin. Uwarta gwaji take buƙata, kuma a nan ma Mumbai ta bar darasi mai fuska biyu. Daga 1998 Dakta Surendra Shastri na Tata Memorial ya jagoranci nazari kan mata kusan 150,000 a unguwannin marasa galihu. Aka ba matan unguwa masu ilimin sakandare horon 'yan makonni, su shafa ruwan kal da aka sirka a bakin mahaifa, su haska fitila su duba. Wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari cikin minti guda, sai a tura matar asibiti a yi mata magani kyauta. Mace-mace daga cutar suka ragu da kashi 31 a unguwannin da aka yi gwajin. Ɗaya fuskar ita ce rabin matan, kusan 76,000, wayar da kai kawai aka yi musu tsawon shekaru ba tare da an duba su ba, domin a samu abin kwatance, kuma masana ɗa'ar bincike sun yi tir da hakan. Suna da hujja: an riga an san gwaji yana ceton rai kafin a fara nazarin.

Yau an wuce nan. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita gwajin gano ƙwayar HPV kanta a kan duba da ido, ta ba da shawarar a fara daga shekara 30, masu ɗauke da cutar HIV kuwa daga 25, domin haɗarinsu ya ninka na sauran mata kusan sau shida. Burinta zuwa 2030 shi ne a gwada kashi 70 na mata kafin shekara 35, a sake kafin 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Gwajin yana da wani sauƙi da ya dace da matan da kunya ke hana su kwanciya gaban ma'aikacin asibiti: mace na iya shiga ɗaki ita kaɗai da ɗan tsinke mai auduga, ta ɗauko samfurin da kanta, ta sa a kwalba ta miƙa wa ma'aikaciyar lafiya, kuma nazarce-nazarce sun nuna sakamakonsa ya yi kusan daidai da wanda ma'aikaci ya ɗauka. In ya nuna babu ƙwayar, sai bayan shekara biyar zuwa goma za ta sake.